Hops: Tsiron Da Doka Ta Taɓa Tilasta Wa Manoma Shukawa A Bayan Gida

A shekarar 1442, zamanin Sarki Kristoffer, ƙasar Suwidin ta fitar da kundin dokokinta. A ciki akwai wata doka da za ta ba mai karatu mamaki: kowane manomi sai ya kafa sanduna 40 a gidansa, ya shuka wani tsiro mai yaɗo ya hau kansu. Da aka sabunta dokokin a 1734 sai aka ƙara tsanantawa. Aka ce manomi ya riƙa ƙara 40 duk shekara har su kai 200 a cikakkiyar gona, wanda ya ƙi kuma tara ta hau kansa. Ba a soke wannan tilas ba sai a 1860. Wato sama da shekara 400 hukuma tana leƙa bayan gidan talaka tana ƙirga sanduna.

Sunan tsiron hops. Ba shi da suna a Hausa domin ba ya fitowa a ƙasarmu, kuma akwai dalilin kimiyya da ya sa haka, za mu zo kansa. Yau mafi yawan hops da ake nomawa a duniya kamfanonin giya ne ke saye, kuma mun san da yawa daga masu karatunmu ba ruwansu da giya. To amma labarin tsiron ya shafi wata matsala da kowane gida ya sani: yaya za a yi abin da aka dafa yau ya kai gobe bai lalace ba, a zamanin da babu firji? Sannan in ka duba jikin kwalaben wasu lemukan malt marasa barasa da ake sayarwa a shagunanmu, za ka ga sunan hops cikin kayan haɗin.

Wane irin tsiro ne?

Sunansa na kimiyya Humulus lupulus, kuma Carl Linnaeus, shi ma ɗan Suwidin, ya tabbatar masa da shi a 1753. Danginsu ɗaya da tabar wiwi, sai dai hops ba shi da sinadarin nan mai bugarwa. Saiwarsa na zama a ƙasa shekara ashirin ko fiye. Duk lokacin sanyi abin da ke sama ya bushe ya mutu, da ɗumi ya dawo sai sababbin rassa su ɓullo. Ba shi da 'yan igiyoyin kamu irin na kabewa ko soso. Jikin reshen ne gaba ɗaya ke nannaɗe sanda, yana bin hannun agogo, yana riƙewa da wasu ƙananan gasu masu ƙugiya. A ganiyar girmansa yakan ƙara tsawon da ya kai santimita 30 a rana ɗaya, kuma kafin kaka ya kai mita 6 zuwa 7.

Akwai namiji akwai mace, kamar dabino. Macen ake so. Ita ke fitar da wani fure kore mai laushi, siffarsa kamar ɗan mitsitsin abarba. In ka ɓare shi za ka ga wani gari rawaya mai danƙo a gindin ganyayyakin, ana kiransa lupulin. Duk ɗacin da ƙanshin suna cikin wannan garin.

Daga daji zuwa lambu

Hops ɗan daji ne a Turai, yana fitowa a bakin rafi yana hawa bishiyoyi. A ƙarni na farko miladiyya, marubucin Rumawa Pliny ya ambaci wani tsiro da ake ci wanda ya kira kyarkecin bishiyoyin bakin ruwa, kuma masana da dama na ganin hops yake nufi. Har yau a Beljiyam ana cin sababbin tohonsa kamar kayan lambu, kuma suna da tsada sosai.

Rubutun farko da ya haɗa hops da dafa abin sha ya fito ne daga arewacin Faransa a 822. Adalhard, shugaban gidan sufayen Kirista na Corbie, ya rubuta ƙa'idojin tafiyar da gidan, a ciki ya yi maganar tara hops da kuma wanda aikin ya hau kansa. Daga baya, tsakanin 859 da 875, takardun garin Freising a kudancin Jamus suka fara ambaton lambunan hops. Kun ga an tashi daga tsinta a daji an koma shukawa.

Me suka gani a jikinsa? A arewacin Turai na wancan zamani, abin sha na sha'ir wani ɓangare ne na abincin yau da kullum, mata ke dafa shi a gida kamar yadda suke toya burodi. Matsalarsa ita ce ba ya jimawa. Kwanaki kaɗan sai ya yi tsami. Mutane suka lura cewa in an tafasa shi da furen hops yana daɗewa. A tsakiyar ƙarni na 12, Hildegard ta Bingen, wata shugabar sufaye mata a Jamus, ta rubuta haka a littafinta Physica: ɗacin tsiron yana hana abin sha ruɓewa. Ita dai ba ta yaba masa a matsayin magani ba, domin a ganinta yana ƙara wa mutum baƙin ciki. Amma maganar hana ruɓewar ta yi daidai, shekara 700 kafin Louis Pasteur ya nuna a ƙarni na 19 cewa ƙananan halittu ne ke lalata abin sha.

Abin da ɗacin ke yi

Bari mu ɗan tsaya a nan, tunda shi ne ginshiƙin labarin. A cikin garin lupulin akwai wasu sinadarai da ake kira alfa asid. Ba sa narkewa sosai a ruwa, amma in aka tafasa su sai siffarsu ta sauya, su narke, su yi ɗaci. Ita kuwa ƙwayar bakteriya tana rayuwa ne ta hanyar kiyaye bambancin tsami tsakanin cikinta da wajenta, kamar dam da ke riƙe ruwa don juya injin wuta. Da wannan bambancin take jawo abinci. Sinadaran hops suna ratsa fatar ƙwayar suna shigar da tsamin waje ciki, kamar an huda dam ɗin. Ƙwayar ta kasa cin abinci, ta daina hayayyafa. Wannan ya fi tasiri a kan rukunin bakteriyar da suka haɗa da masu sa tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono.

Shi kuwa yis, wanda ke kumbura burodi, ba bakteriya ba ne, kuma hops ba ya damunsa. Wannan ne ya ba tsiron aiki na biyu a cikin gida. Kafin a fara sayar da yis a fakiti, matan karkara a Amurka da Ingila su ke renon nasu. Littattafan girki na ƙarni na 19 cike suke da hanyar yin sa: a tafasa furen hops, a tace, a haɗa ruwan da fulawa ko dafaffen dankalin Turawa, a zuba ɗan tsohon yis, a ajiye. Ruwan hops ya danne masu sa tsami, yis ya samu fili. Shi ya sa gidaje da yawa da ba a dafa giya a cikinsu suke da kurangar hops a bakin ƙofar kicin. Wasu kuma sukan cusa busasshen furen a matashin kai don samun barci.

Yadda kasuwa ta fitar da shi daga gida

Abin da ba ya lalacewa da wuri ana iya kai shi nesa, abin da ake kai wa nesa kuwa ya zama haja. Kafin hops ya yaɗu, a Holan da yammacin Jamus ana amfani da wani haɗin ganyaye mai suna gruit. Sarakuna da manyan limaman coci su ke da ikon sayar da shi, wato haraji ne a fakaice. Amma biranen kasuwanci na bakin teku irin su Bremen da Hamburg suka kama dafawa da hops a ƙarni na 13 da na 14, suna lodawa a jiragen ruwa zuwa Holan da sauran wurare. A 1376 Hamburg kaɗai tana da masu dafawa sama da 450. Masu cin harajin gruit sun yi turjiya, daga baya suka gane mafita: suka ɗora harajin a kan sabon abin. A 1516 masarautar Bavaria ta yi dokar da ta taƙaita kayan haɗi zuwa ruwa da sha'ir da hops.

Nan ne dokar Suwidin ta samo asali. Ƙasar tana sayen hops daga 'yan kasuwar Jamus, kuɗi na fita. Sarakuna suka ga in kowane gida ya noma nasa, an toshe wannan ɓarakar, har ma a karɓi wani ɓangare na haraji da shi. Manoman kuma ba su tsaya ga furen ba, sukan jiƙa busassun rassan su fitar da zare su saƙa tufa mai kauri.

Ingila ta makara. Sai wajen 1400 abin sha mai hops ya fara shigowa daga Holan, kuma an daɗe ana masa kallon kayan baƙi. A shekarun 1520 aka fara noma shi a yankin Kent. A 1574 Reginald Scot ya wallafa littafin Ingilishi na farko a kan noman hops, da zane-zane na yadda ake tara ƙasa a gindi da yadda ake kafa sanduna. Har yau Turawan Kent lambu suke kiran gonar hops komai girmanta, alamar inda abin ya faro.

Amma fa lambun ya girma. A 1710 majalisar Ingila ta sa haraji a kan hops ta kuma hana masu sayarwa amfani da wani abin ɗaci daban. A 1878 noman ya kai ƙololuwa, kusan eka 72,000. Tsinke furen aikin hannu ne, kuma dole a gama cikin 'yan makonni a watan Satumba. Sai ya zama duk shekara dubban talakawan gabashin Landan, yawanci mata da yara, suna hawa jirgin ƙasa zuwa Kent, su kwana a bukkoki, a biya su gwargwadon kwandon da suka cika. Irin cin rani ne, sai dai su daga birni suke zuwa ƙauye. Marubuci George Orwell ya yi wannan aikin a 1931, ya rubuta irin ƙarancin ladan. Injin tsinka ne ya kawo ƙarshen al'adar a shekarun 1950 da 1960.

A Amurka ma haka aka yi. Turawan da suka fara zama a Massachusetts sun yi odar irin hops tun 1629. A ƙarni na 19 jihar New York ta zama cibiya, har cutar fumfuna ta afka wa gonakin a 1909, sannan dokar hana barasa ta 1920 zuwa 1933 ta ƙarasa su. Noman ya koma arewa maso yamma, inda iska ta fi bushewa kuma ake ban ruwa. Yau kwarin Yakima a jihar Washington ke samar da kusan kashi uku cikin huɗu na hops ɗin Amurka. A Turai kuwa yankin Hallertau na Bavaria ne kan gaba. Da yis na fakiti ya zo, firji ya zo, sai kurangar bakin kicin ta rasa aikin yi. Aka sare wasu, aka manta da wasu.

Dawowa bayan gida

A watan Oktoba na 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giyar da zai sha a gidansa, ta fara aiki a Fabrairun 1979. Masu wannan sha'awa suka fara neman hops, wasu suka ce bari mu shuka. Nau'in Cascade, wanda masu bincike na gwamnati suka samar a Oregon aka fitar a 1972, ya zama na kowa domin ba shi da wahalar reno. A 2007 da 2008 aka yi ƙarancin hops a duniya, bayan rashin kyawun kaka a Turai da raguwar gonaki da gobarar da ta cinye wani rumbu a Yakima a 2006. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, masu shukawa a gida suka ƙaru.

Abin lura shi ne aikin bai sauya sosai ba daga abin da Scot ya zana. Ba a shuka iri, domin iri zai iya ba ka namiji, kuma ko mace ya bayar ba za ta yi kama da uwarta ba. Guntun saiwar mace ake binnewa a farkon bazara, a wuri mai rana da ƙasar da ba ta riƙe ruwa. In toho ya fito a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a nannaɗa su a igiya, a yanke sauran. Shekarar farko tsiron saiwa yake ginawa, sai a ta uku ake samun cikakkiyar kaka. A ƙarshen Agusta ko Satumba, in furen ya fara ƙara kamar takarda a hannu, an tsinke. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, dole a busar da shi nan take ya sauko wajen kashi 10, in ba haka ba ya yi fumfuna. Masu karnuka kuma ana gargaɗinsu, domin hops guba ne ga kare.

Me ya sa ba zai yi a Kano ba?

Nan ma tsiron ya ba kimiyya gudummawa. A 1912 wani matashin mai bincike a Faris, Julien Tournois, yana gwaji da wiwi da wani ɗan'uwan hops na Japan. Ya riƙa rufe su don rage musu sa'o'in haske, sai ya ga sun yi fure da wuri tun suna ƙanana. An kashe shi a farkon yaƙin duniya na ɗaya a 1914. A 1920 Garner da Allard a Amurka suka tabbatar da abin a kan taba da waken soya: tsirrai da yawa suna auna tsawon rana don sanin lokacin fure.

Hops yana son dogayen ranaku, na sa'a 15 zuwa 16, don ya yi tsawo ya yi rassa. Idan rana ta fara gajarta sai ya koma fure. Shi ya sa ake noma shi tsakanin digiri 35 da 55 daga layin da ya raba duniya biyu. A Hallertau rana mafi tsawo ta ɗan haura sa'a 16. Kano tana digiri 12, kuma ranarta mafi tsawo ba ta cika sa'a 13 ba. A wurin hops, kullum kaka ce a Kano. Da ya ɗan tashi sai ya yi fure, 'yan ƙalilan, ya tsaya. Manominmu ya san irin wannan a jikin dawa da wake na gargajiya, waɗanda ko yaushe ka shuka su sai lokacinsu ya yi suke fidda kai.

An samu hanyar yaudarar tsiron. A garin George na Afirka ta Kudu, digiri 34, an yi amfani da fitilu don tsawaita rana, daga baya aka samar da nau'o'in da suka dace da wurin. Masu bincike a Florida da manoma a Brazil suna kunna fitilun LED da dare. Wani bincike da aka wallafa a 2019 daga jami'ar jihar Colorado ya nuna cewa ba dole sai tsiron ya sha sanyin hunturu yake fure ba, haske ne babban makulli. Amma wuta kuɗi ce. Habasha tun da can ta bi wata hanyar, tana da nata tsiron ɗaci mai suna gesho. A Najeriya ma tun shekarun 1980 masu bincike sun gwada shuwaka da namijin goro da utazi a madadin hops da ake shigowa da shi.

Abin da aka tsinta a kufai

Gonakin zamani sun dogara ne a kan nau'o'i kaɗan, kowanne kwafin uwa ɗaya ne da ake ta yankan saiwarta. Cuta ɗaya ko fari ɗaya zai iya kwantar da su tare. Wani bincike da mujallar Nature Communications ta wallafa a 2023 ya yi hasashen cewa kafin 2050 zafi da fari za su rage amfanin hops na Turai da kashi 4 zuwa 18 cikin 100, sinadarin ɗacin kuma ya ragu da kashi 20 zuwa 31. Masu samar da sababbin nau'o'i suna buƙatar jini daban. Sun taɓa gani: Ernest Salmon na kwalejin Wye a Kent ya samu wani hops na daji daga Manitoba ta Kanada, daga shi ya fitar da Brewer's Gold a 1934, wanda ya zama kakan nau'o'i masu ɗaci da yawa na yau.

To a nan ne tsohuwar dokar Suwidin ta sake amfani. A ƙarni na 17 ma'aikatan safiyo na masarautar sun zana taswirorin ƙauyuka gida-gida don haraji, kuma sun sa alamar lambunan hops. A shekarun 2000, masu bincike na shirin ƙasar na adana tsirran gado suka ɗauki waɗannan taswirori suka bi su. A wurare da dama gidan ya rushe, gonar ta koma daji, amma suka tarar da hops na nan a inda taswirar ta nuna, yana hawa bishiya ko tarin duwatsu. Tunda daga saiwa yake sake tohowa, mai yiwuwa wasunsu su ne ainihin tsirran da manoman suka shuka. Gwajin ƙwayoyin gado ya nuna suna da bambanci mai yawa a tsakaninsu. An kwashi samfura an adana a rumbun tsirrai na ƙasa, wasu ma an mayar da su kasuwa don masu lambu su saya.

Manomin da ya kafa sanduna 40 don gudun tara bai san yana ajiye wa jikokin jikokinsa iri ba. Mu ma muna da irin waɗannan a bayan gidajenmu: zogale, rama, shuwaka, lalle, tsohon irin barkono ko kuɓewa da wata kaka ta zo da shi daga garinsu ranar aurenta. Taswirar da za a bi a nemo su ba ta nan, sai abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Idan akwai irin wannan a gidanku, ku tambayi mai shi sunansa da inda ya fito, ku rubuta, tun tana nan da za ta ba da amsa.